Yadda ake sarrafa ƙananan ƙwayoyin ɗaukar magani ta hanyar feshi da lantarki

Akwai magungunan da amfaninsu ya rataya a kan girman ƙwayar da ta ɗauko su. Maganin da ake so ya isa can ƙuryar huhu, dole ƙwayarsa ta kasance tsakanin maikiromita 1 zuwa 5, wato kashi ɗaya zuwa biyar cikin dubu na milimita, domin wadda ta fi haka girma a maƙogwaro take tsayawa, wadda ta gaza kuwa sau da yawa numfashi ne ke komowa da ita waje. Haka nan maganin da ake so allura ɗaya ta yi makonni tana aiki, ana cusa shi ne cikin ƙwayoyin wata irin roba mai narkewa a jiki, wadda ake kira folima, kuma saurin fitarsa yana bin girman ƙwayoyin da yadda cikinsu yake. Daga cikin hanyoyin samar da irin waɗannan ƙwayoyi, feshi da lantarki yana da fifiko ta fuskoki uku: ba ya bukatar zafi, ba ya bukatar wanke-wanken da ke zubar da magani, kuma idan an daidaita shi yana ba da ƙwayoyi masu kusan girma ɗaya.

Kafin a taɓa na'ura ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a bakin allurar. Idan ruwa ya rataya a bakin allurar ƙarfe aka ɗora masa lantarki mai ƙarfin kilobolt da yawa, caji yakan taru a fatar ɗigon, ya riƙa jan sa zuwa farantin da ke ƙasa, yayin da ƙarfin da ke riƙe fatar ruwan yake ƙoƙarin dunƙule shi. A inda ƙarfin biyu suka yi daidai, ɗigon yakan koma tsini. Geoffrey Taylor na Ingila ne ya lissafa siffar wannan tsini a 1964, ya nuna cewa rabin kusurwarsa digiri 49.3 ne, shi ya sa ake kiran sa tsinin Taylor. Daga kan tsinin wani siririn zirin ruwa yake fita, wanda ya fi ramin allurar ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sannan ya gutsuttsure ya zama ɗige-ɗige. Da yake duk ɗige-ɗigen caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, korar juna suke yi, ba sa haɗewa a iska.

Abin da ke biyo baya shi ne ginshiƙin aikin. Yayin da ɗigo yake sauka, ruwan narkarwa da ke cikinsa, wato ruwan da aka narkar da folima da magani a ciki, yana ƙafewa, ɗigon yana ƙanƙancewa, amma cajinsa ba ya raguwa. Tun a 1882 Lord Rayleigh ya nuna cewa akwai iyakar cajin da ɗigo mai wani girma zai iya ɗauka, kuma da zarar an ƙetare ta ɗigon yakan fashe ya watsa ƙananan gutsattsari. Masu auna nauyin sinadarai wannan fashewar suke nema, kuma a kanta John Fenn ya gina aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2002. Mai yin ƙwayoyin magani kuwa gudun ta yake yi. Bukatarsa ita ce folimar ta daskare ta riƙe kanta kafin ɗigon ya kai iyakar fashewa, kuma ƙwayar ta bushe kafin ta taɓa farantin tarawa. Kusan duk gyaran da za a yi a gaba, a kan waɗannan sharuɗɗa biyu yake.

Kayan aiki da kiyaye lafiya

Ana bukatar famfon sirinji mai iya tura ruwa a hankali ƙwarai, daga mililita 0.1 zuwa 2 a awa, da na'urar ba da lantarki mai kaiwa kilobolt 20 ko 30, da allurar ƙarfe marar tsatsa mai yankakken baki, galibi lamba 21 zuwa 27, da farantin ƙarfe da aka lulluɓe da fallen alminiyam. Sirinjin ya zama na gilashi, bututun da ya haɗa shi da allura kuma na Teflon, domin ruwan narkarwa irin su daikuloromitan suna cin robar sirinjin asibiti, su kwaso datti su zuba a cikin haɗin. Wayar lantarki mai alamar + ana maƙala ta a jikin allurar, farantin kuma a haɗa shi da wayar ƙasa, wato wayar da ke sauke lantarki cikin ƙasa. Ana fara tazarar allura da faranti daga santimita 15 ko kusa da haka.

Abin da mutane suka fi raina wa, alhali ya fi komai amfani, shi ne hanyar ganin tsinin. A sa baƙin kwali a bayan allura, a haska fitila daga gefe, a saita kyamara mai kusanto da hoto a kan bakin allurar. Wanda ba ya ganin tsinin yana aiki ne da ka, kuma ba zai san dalilin da ya sa ƙwayoyin yau suka bambanta da na jiya ba. Idan akwai hali, a saka abin tauye lantarki mai megawom 1 tsakanin faranti da wayar ƙasa, a ɗora mita a kansa. Lantarkin da feshin ke ɗauka ƙanƙane ne sosai, nanoamfiya gommai zuwa ɗaruruwa, saboda haka nanoamfiya 100 zai bayyana a mitar a matsayin kusan bolt 0.1. Matuƙar lambar tana tsaye, tsinin ma yana tsaye, kuma tana fara rawa tun kafin ido ya ga matsala.

Duk wannan a cikin akwatin zuƙe tururi ake girka shi. Daikuloromitan da kuloroform suna cutar da hanta kuma ana zargin su da haddasa kansa, asiton da itanol kuma tartsatsi ɗaya ya ishe su kamawa da wuta. A rage iyakar lantarkin da na'urar za ta iya fitarwa zuwa mafi ƙanƙanta, a haɗa jikin famfo da duk ƙarfen da ke kusa da wayar ƙasa, kuma kada hannu ya shiga akwatin sai an kashe na'ura an taɓa allurar da sandar da ke haɗe da wayar ƙasa, domin caji yakan saura bayan an kashe. Iskar akwatin kuma kada ta yi ƙarfin da za ta riƙa kwashe feshin daga faranti.

Haɗa ruwan feshi

Folimar da aka fi amfani da ita ita ce PLGA, wadda jiki ke rushewa zuwa asid na laktik da na gilaikolik. Wadda kason ɓangarorinta biyu yake 50 da 50 ta fi saurin narkewa, cikin wata ɗaya zuwa biyu, kuma gwargwadon yadda ɓangaren laktik ya ƙaru haka lokacin yake tsawaita. Folimar PCL takan ɗauki shekaru, saboda haka ba kowane magani ya dace da ita ba. Ga mai farawa, PLGA a cikin daikuloromitan tare da maganin da ba ya son ruwa shi ne haɗin da ya fi sauƙin hali, domin folima da magani duk suna narkewa a wuri ɗaya.

Yawan folimar da za a narkar shi ne abu na farko da ke raba aiki mai kyau da marar kyau. Idan ta yi kaɗan, zarurrukan folimar ba sa sarƙewa da juna, ɗigon yakan kai iyakar Rayleigh yana ruwa-ruwa, ya fashe, a tarar da manyan ƙwayoyi cakuɗe da gutsattsari, wasu har da wutsiya. Idan ta yi yawa, zirin ruwan ba ya yankewa, sai a samu zare a maimakon ƙwaya, ko ƙwayoyi jere a jikin zare. Wurin da ake nema yana tsakani, inda zarurrukan suka fara sarƙewa amma zirin yana iya yankewa. Ga PLGA galibi yana faɗowa tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari, nauyi bisa yawan ruwa, kuma folima mai dogayen zarurruka da ɗan kaɗan take kaiwa wurin. Tun da kowace folima da halinta, a haɗa ƙananan kwalabe uku ko huɗu masu kauri daban-daban, a gwada kowace, maimakon a dogara da lambar da wani ya samu da tasa folimar.

Ruwan narkarwa yana da halaye biyu da ke jan aikin zuwa ɓangarori mabambanta. Na farko saurin ƙafewa: daikuloromitan yana tafasa a digiri 40, asiton a 56, kuloroform a 61, asitonaitiril a 82, DMF kuma sai 153. Mai saurin ƙafewa yana tabbatar da bushewa, amma yakan sa fatar ɗigo ta daskare tun ciki bai bushe ba, sai ƙwayar ta fito da rami a ciki ko ta lotsa kamar ƙwallon da ta sace. Mai jinkirin ƙafewa yana ba da ƙwaya cikakkiya mai santsi, amma idan ya yi yawa ƙwayoyin sukan sauka a jiƙe su narke su zama shimfiɗa ɗaya. Hali na biyu shi ne yadda ruwan yake barin lantarki ya ratsa shi. Daikuloromitan da kuloroform ba sa bari sosai, shi ya sa suke ba da ƙwayoyi masu maikiromita da yawa. Idan aka ƙara ɗan asitonaitiril ko DMF, ko ɗan gishirin da ke narkewa a cikin haɗin, zirin yakan sirance, ƙwayoyin su ƙanƙance har su gangara ƙasa da maikiromita ɗaya. A nan ne a ganina gauraya ruwa biyu ta fi dogaro da guda, domin ta haka ake daidaita bushewa da girma a lokaci ɗaya. A lura kuma cewa maganin kansa, musamman idan gishiri ne, yana canza yadda haɗin ke ɗaukar lantarki, don haka saitin da ya yi aiki da folima zalla ba lallai ya yi aiki bayan an sa magani ba.

Ruwa tsantsa yana da wuyar fesawa. Ƙarfin da ke riƙe fatarsa ya ninka na itanol sau uku da ɗoriya, kuma kafin lantarki ya kai matakin da zai ja shi ya yi tsini, iskar da ke kewaye da allurar ta riga ta fara barin lantarki ya ratsa ta. Masu aiki da folimar da ke narkewa a ruwa sukan ƙara itanol, ko su kewaye allurar da iskar kabon dayoksaid. Idan maganin furotin ne da ba ya jure ruwan narkarwa, ana amfani da allura biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ruwan magani a ta ciki, folima a ta waje mai saurin gudu fiye da ta ciki, yadda ƙwayar za ta fito da ɓawo da ciki. Wani mai bincike mai suna Loscertales da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan hanya a 2002, kuma tana da wuyar saitawa, don haka a ƙware a allura ɗaya tukuna.

Bayan an narkar da komai sarai, a tace haɗin da matacin Teflon mai ramuka maikiromita 0.22, a cika sirinji, a fitar da duk kumfar iska, domin kumfa ɗaya ta isa ta yanke feshi.

Neman tsinin da riƙe shi

A kunna famfo a mililita 0.5 a awa, a jira ɗigo ya bayyana a bakin allura, sannan a fara ɗaga lantarki a hankali, rabin kilobolt bayan rabin kilobolt. Da farko ɗige-ɗigen za su riƙa faɗuwa da sauri suna ƙanƙancewa. Daga nan bakin ruwan zai fara miƙewa yana komawa, yana tsartuwa lokaci-lokaci, kuma a wannan matakin ne sabon hannu yakan yaudaru, domin daga nesa kamar feshi ake gani, alhali ƙwayoyin da ke sauka ba su da tsari. A ci gaba da ɗagawa har rawar ta tsaya cak, tsini ɗaya ya kafu a tsakiyar allura, ziri ɗaya yana fita daga kansa, hazon feshi kuma yana buɗewa a ƙasa cikin hasken fitila. A tazarar santimita 15 wannan yakan faru ne a wani wuri tsakanin kilobolt 8 da 15. Idan aka zarce, tsinin yakan karkace gefe ko ya shige cikin allura, zirara da yawa su fito daga gefen bakinta, daga baya kuma a ji sauti siririya da warin ozon, alamar lantarki ya fara ratsa iska, sai a sauko. Wani abin lura shi ne tsinin da ya riga ya kafu yakan ci gaba da tsayuwa ko da an ɗan rage lantarki ƙasa da inda ya fara, saboda haka yana da kyau a gano iyakar sama da ta ƙasa, a zauna a tsakiyarsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman canza girman ƙwaya ta murɗa lantarki. Aikin lantarki shi ne kafa tsinin, kuma a cikin ɗan taƙin da tsinin yake tsaye tasirinsa a kan girma kaɗan ne. Saurin famfo da yadda haɗin ke ɗaukar lantarki su ne ke yanke girman ɗigo. Idan aka raba saurin famfo biyu, faɗin ɗigon yakan ragu da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ba da rabi ba. Sannan ƙwayar da za ta saura bayan bushewa ta fi ɗigon ƙanƙanta gwargwadon yawan folimar da ke ciki: idan folima kashi 5 ce cikin ɗari na girman haɗin, ɗigo mai maikiromita 10 zai bar ƙwaya mai kusan maikiromita 3.7, muddin ba ta da rami a ciki. Duk lokacin da aka canza saurin famfo ko kaurin haɗi, dole a sake neman tsinin da lantarki. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ana rubuta saurin famfo da lantarki da tazara da zafin ɗaki da danshin iska.

Danshin iska ba ƙaramin abu ba ne. Ɗigon da ke ƙafewa da sauri yana yin sanyi, raɓa ta sauka a fatarsa, ta bar ƙananan ramuka bayan ta bushe, kuma ƙwaya mai ramuka ta fi saurin sakin magani. Wanda ya fesa a ranar da danshi ya yi ƙasa, ya sake fesawa a ranar da ya hau, zai iya samun ƙwayoyi iri biyu daga kwalba ɗaya. Ita kuwa toshewar allura, da daikuloromitan aka fi ganin ta, domin folima takan bushe a bakin ta zama ɓawo, ta karkatar da tsinin. Maganinta shi ne ƙara ɗan ruwa mai jinkirin ƙafewa, ko a kashe lantarki lokaci-lokaci a goge bakin.

Kafin a sa fallen tarawa, a ɗora gilashin madubin likita a kan faranti na daƙiƙa kaɗan, a kashe lantarki, a ɗauko a duba. Ƙwayoyi zagayayyu masu kama da juna, kowace a ware, alama ce ta ci gaba. Idan sun baje sun manne da gilashin, a ƙara tazara ko a rage saurin famfo. Idan akwai zare, a sirka haɗin, idan kuma gutsattsari ne suka yi yawa, a ƙara folima.

Tarawa da gwaji

Tarawa a kan busasshen fallen alminiyam ta fi sauƙi kuma ba ta zubar da magani, sai dai folima ba ta barin caji ya wuce, don haka yayin da ƙwayoyi suke taruwa sukan fara korar masu zuwa, feshin ya bazu zuwa bangon akwati. A riƙa canza fallen kafin hakan. Wasu suna tarawa a cikin kwanon ruwa da aka haɗa da wayar ƙasa, wanda ke sauƙaƙa warwatsa ƙwayoyin daga baya, amma duk maganin da ke narkewa a ruwan kwanon zai fara fita tun a nan. Bayan tarawa a busar da ƙwayoyin a injin zuƙe iska na kwana ɗaya ko biyu ba tare da zafi ba, domin PLGA takan fara laushi daga wajen digiri 40 zuwa 55, kuma ragowar ruwan narkarwa yana ƙara saukar da wannan mataki. A adana su a rufe, a wuri mai sanyi marar danshi, tun da ruwa ne ke rusa folimar.

Girma da siffa ana tabbatar da su da madubin ilektiron, a auna ƙwayoyi ɗaruruwa daga wurare daban-daban na fallen, ba guda goma da suka fi kyau a hoto ba. Yawan maganin da ya shiga ana gano shi ta narkar da sanannen nauyi na ƙwayoyi a auna maganin da na'urar tantance sinadarai. Misali, idan an haɗa miligiram 100 na folima da miligiram 10 na magani, abin da ake sa rai shi ne kashi 9.1 cikin ɗari na nauyin ƙwaya, kuma idan awo ya nuna 8.2, to kashi 90 cikin ɗari na maganin ya shiga. Saurin fita kuma ana gwada shi a ruwan gishirin fosfet mai ma'aunin tsami 7.4 a zafin digiri 37, ana ɗiban ruwan lokaci-lokaci ana mayar da sabo, don kada ruwan ya ƙoshi ya hana sauran maganin fita. A sa ido sosai a kan awannin farko. Idan kaso mai yawa ya fita nan take, maganin a fatar ƙwaya ya taru, kuma hakan yakan faru ne idan an cika shi da yawa, ko ƙwayar tana da ramuka, ko maganin da folimar ba sa jituwa. Bushewa cikin gaggawa kuma takan bar maganin ba tare da ya jeru ya zama lu'ulu'u ba, abin da ke ƙara masa saurin narkewa, amma zai iya jeruwa bayan watanni a ajiye ya canza hali, don haka a maimaita gwajin bayan an adana.

Ragowar ruwan narkarwa yana da iyaka a ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na ICH, majalisar da ke daidaita ƙa'idojin magunguna: kashi 600 cikin miliyan ga daikuloromitan, 410 ga asitonaitiril, 60 kacal ga kuloroform, yayin da asiton yake da sassauci har 5000. Wannan kaɗai ya isa dalilin guje wa kuloroform idan akwai madadinsa. Kashe ƙwayoyin cuta ma yana da tasa wahalar, domin tururi mai zafi yana narkar da PLGA, hasken nukiliya da ake kira gamma yana gutsuttsura zarurrukanta ya hanzarta fitar magani, ƙwayoyin kuma sun fi ramin mataci girma. Shi ya sa ake tace haɗin tun yana ruwa, a yi feshin a wuri mai cikakkiyar tsabta. Ƙwayoyin da aka yi a ɗakin bincike na gwaji ne, ba a ba mutum su sai sun bi matakan gwaji da amincewar hukumar kula da magunguna.

Babban raunin hanyar shi ne ƙarancin abin da take samarwa. Haɗi mai folima kashi 5 cikin ɗari, a saurin mililita 0.5 a awa, miligiram 25 kawai yake bayarwa a awa, wato giram ɗaya zai ci awa 40 ko da ba a yi asarar komai ba. Ƙara saurin famfo ba mafita ba ce, tun da zai ƙara girman ƙwayoyin. Abin da ake yi shi ne jera allurai da yawa, kowace da daidai rabonta na ruwa, a sa farantin ƙarfe mai huji a ƙasan kowace allura a ɗan tazara kaɗan, domin shi ne zai kafa tsinin ya kuma kare kowace allura daga cajin maƙwabciyarta. Ba tare da wannan farantin ba, allurai na gefe sukan karkata waje, na tsakiya kuma su bukaci lantarki fiye da sauran kafin tsininsu ya kafu, sai girman ƙwayoyin ya sake rarrabuwa.